Janareta ko sola: amsa ga mai shagon kwafi a Yelwa

Malam, ka ce kana da shagon kwafi da buga takardu a Yelwa ta Bauchi, har da firizar lemo da ruwan leda, fetur yana cinye maka riba, kana tambaya ko sabon janareta za ka saya ko sola za ka haɗa.

Mu fara da janaretan. Ƙaramin injin fetur mai 2.5kVA yakan sha wajen lita ɗaya a awa idan an ɗora masa kaya, wutar da yake bayarwa kuwa da wuya ta kai yunit 2. Raba kuɗin lita gida biyu, a ƙalla haka kake sayen yunit ɗaya, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin makanike. A Afrilun 2024 da hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai yunit ɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, Naira 225 kowa ya koka, alhali tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mai janareta ya wuce nan. Saboda haka duk sa'ad da kamfanin raba lantarki na JED ya kawo wuta, kashe injin. Alherin janareta dai ba ya neman jari mai yawa, kuma ba ruwansa da dare ko hadari.

Sola kuwa a dunƙule take karɓar kuɗinta tun ranar farko, kuma ba farantin da ke ɗaukar hasken rana ne ke da tsadar ba, batir ne. Nan ka yi sa'a, don shagonka da rana yake aiki, yawancin wutar daga faranti za ta wuce kai tsaye zuwa kayanka. Batir mai ruwa ya fi arha, sai dai ba a so a zuƙe shi ƙasa da rabi, zafin Bauchi na Maris da Afrilu kuma yana rage masa kwana. Na litiyom ya fi tsada, amma ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Ni da in tara masu ruwa, gara in sayi ƙaramin litiyom guda. Sannan ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sosai, sai an riƙa wanke shi da sassafe. A Agusta kuma ka sa ran ranakun da gajimare zai rage maka wuta.

Abin da masu haɗa sola ba su cika faɗa ba shi ne injin kwafin kansa. Akwai hita a cikinsa da ke gasa tawada a jikin takarda, idan ta ɗauka babban inji yakan ja fiye da wat 1000. Firiza ma lokacin tashi tana jan ninkin abin da take ci. Su haɗu a kan ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, sai ta yanke.

Don haka kada ka sayi sabon janareta. Gyara tsohon, ka ajiye shi don lokacin da ɗaliban jami'ar ATBU suka yi maka caa da aikin furojet. Kwamfuta, fanka, fitilu da firiza su koma sola. Kafin nan ka cire duk ƙwan da ke zafi: na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. Firizar ma a ɗan janye ta daga bango, a duba robar murfinta.

Ɗauki hoton lambobin da ke manne a bayan injin kwafin da firizar ka turo, daga su za a lissafa girman inbatar.