Super Grub2 Disk: mai tayar da tsohuwar kwamfutar da ta ƙi tashi

Tsohuwar kwamfuta mai Linux da BIOS (manhajar da ke fara aiki da an kunna inji) takan tsaya a baƙin allo da rubutun "grub rescue>" bayan an sake saka Windows ko an taɓa rabe-raben hadis (hard disk). Galibi fayiloli suna nan lafiya. Abin da ya faru shi ne GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya daina ganin inda ragowar fayilolinsa suke, ko kuma Windows ta rubuta nata a kan MBR, wato bait 512 na farkon hadis; in haka ta faru, GRUB ba ya fitowa ko kaɗan, Windows kawai ke tashi.

A nan Super Grub2 Disk yake da amfani. Kyauta ne, kuma ƙarami ne ƙwarai, ana sa shi a filashi ko a ƙona a CD, abin da ke ceton injinan da ba sa tashi daga USB. Da ya buɗe sai a zaɓi "Detect and show boot methods". Zai leƙa kowane ɓangare na hadis ya jero duk kernel (zuciyar tsarin Linux) ɗin da ya samu a /boot. Wannan ne babban alherinsa: idan sabon kernel ya ƙi jituwa da tsohon katin hoto, sai a ɗauki wanda ya gabace shi a shiga.

Amma a sani, ba ya gyara komai, shigar da mutum ciki kawai yake yi. Bayan an shiga, a buɗe terminal a buga sudo grub-install /dev/sda sannan sudo update-grub. Hadis ɗin gaba ɗaya ake nufi, ba /dev/sda1 ba, wanda ɓangare ɗaya ne kawai, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Don injin ya riƙa tuna kernel ɗin da aka zaɓa na ƙarshe, a sa GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true a /etc/default/grub, a sake update-grub.

Jerin da yake fitarwa yana da tsawo da ruɗarwa ga sabon shiga. Haka nan ba ya maganin matsalar PAE, wata fasahar sarrafa RAM da wasu kernel ke buƙata: wasu laftof masu Pentium M sai an danna maɓallin e a jerin GRUB an ƙara forcepae a layin kernel da hannu.

Kafin a zargi GRUB, a duba batirin CR2032 na kan allon uwa (motherboard). In ya mutu, BIOS takan manta tsarin tashi duk lokacin da wuta ta ɗauke. Ga mai gyaran tsofaffin kwamfutoci, ya dace ya ajiye filashi guda don wannan manhaja kaɗai.