Fim ɗin Kano ko fassarar Indiya, wanne ke canza tunanin mutum?

Kullum a fadarmu ta unguwar Zariya sai wani ya tambaye ni wanne ya fi, tunda an san ni da kallo. To ga nawa ganin.

Wajen kuɗi duk ɗaya ne, ka kai waya wurin mai turi ya cika maka memori. Amma na Indiya yana kai awa uku, ga cin caji, in kuran ya ɗauke sai haƙuri.

Na Kano kuwa gidanka kake gani, kishiya, rigimar gado, yaron shago da ya ci amanar ubangidansa. Ƙanena da ke ɗinki a babbar kasuwa ya kalli wani inda yaro ya cinye jarin maigida ya ƙare yana ɓuya, wallahi tun ranar ya sayi ɗan littafi yana rubuta ko dala ce ta shigo. Matsalarsu dai soyayya ta yi yawa, kuma kowa a gidan bene da mota, ba ka ganin inda ya yi gumin.

Na Indiya yana sa zuciya, talaka ya yi karatu ko ya tsaya wa azzalumi har ya kai. Sai dai mutum ɗaya ya doke hamsin, yara su fito suna gwadawa a lungu, kuma mai fassara wani lokaci barkwancinsa kawai yake zubawa.

Mai iyali ko ɗan kasuwa da ke son darasin zama da mutane, na Kano zai fi yi masa. Ɗan lakwal da gwiwarsa ta yi sanyi, ya nemi na Indiya.