Shagon tura bidiyo na bayan babbar kasuwa: na je neman Trevor Noah

Jama'a barkanmu da war haka. Yau dai sai na yi magana kan wani shagon tura fina-finai da sharjin waya da ke bayan babbar kasuwar Maradi. Ba zan kama suna ba, mai shagon dattijo ne kuma ba gaba muke ba, amma duk mai bi ta layin masu gyaran salula ya san irin wurin, kwamfuta biyu bisa tebur, wayoyin sharji sun harɗe kamar taliya, kowace salula an manna mata ƴar takarda mai lamba, lasifika na ta ɓarin waƙa har ba ka jin maganar na kusa da kai.

Abin da ya kai ni, ni malamin turancin Ingilishi ne a wani kolej nan cikin gari, kuma matsalar yaranmu ɗaya ce, su rubuta maka jimla tsaf amma da an yi musu magana sai su yi zuru, kunnen bai saba ba. Wani abokina da ya yi karatu a Katsina ya ce in nemi bidiyon wani mai barkwanci da ake kira Trevor Noah, wai turancinsa fes yake ba ya haɗiye kalmomi kamar Amurkawa. To ni kuma farfe na intanet ya fi ƙarfina, ga rezo a unguwarmu sai haƙuri, bidiyon minti goma ka sa shi tun magariba har a yi isha'i yana juyawa. Sai na ɗauki kart memwar ɗina mai giga 16 na hau kabu-kabu.

Alhajin mai shagon ba ya nan, yaronsa na tarar, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba. Ko zama ban yi ba ya ce, "Malam indiya-hausa ko na Kano ko na Turkiyya? Akwai sabo." Na ce masa ƙanena Trevor Noah nike so. Ya ɗago kai ya ce, "Turebo wa? Wace ekip yake bugawa?" Wallahi sai da na dara. Na rubuta masa sunan a bayan takardar sharji, ya buga, sai ga shi ashe akwai, cikin wata jaka da suka sa wa suna ƴan barkwancin Amurka, wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ya taɓa sa su sauko da su.

Na ce masa ai nan ma kun yi kuskure, mutumin nan ba Ba'amurke ba ne. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu aka haife shi, ran 20 ga Fabrairu 1984, uwarsa ƴar ƙabilar Xhosa ce, ƙabilar su Mandela, ubansa kuma bature ne ɗan Suwizalan. Kuma a lokacin dokar wariyar launin fata ta hana baƙi da fari su yi tarayya, wato haihuwarsa kanta laifi ce a idon hukuma, uwa ba ta iya riƙe hannun ɗanta a titi in ga ƴan sanda, in yana gidan kakarsa a Soweto kuma ɓoye shi ake cikin gida kada a gan shi. Yaron ya bar linzamin kwamfuta ya juyo yana saurare, daga baya ya ce, "To Malam shi ne kuma yake ba da dariya?" Na ce shi ne fa, kuma da wannan labarin ma ya fi ba da dariyar.

Bari in fara da alherinsu. Farashi dai babu zalunci, dala goma kowane bidiyo, da na ce duka jakar nike so ya ce in kawo jika guda kawai, bidiyo talatin da wani abu. In da farfe zan sauke su Allah kaɗai ya san abin da zan kashe. Sauri ma ba laifi, kafin in gama shan ruwan leda an gama turawa. Abin da ya fi burge ni, na tambayi wani bidiyo takamaimai da babu a jakar, bai ce mini babu ya juya baya ba kamar yadda wasu ke yi, ya ce in dawo gobe da hantsi zai sauke da dare lokacin da layi ke da sauƙi. Na dawo na tarar ya sauke, kuma bai ƙara ko dala ba. Wannan kam ya ci a yaba masa.

Amma da na koma gida na zauna dubawa, nan ne aka yi ta. Cikin talatin da wani abun nan kusan goma maimaici ne, bidiyo ɗaya an sa masa suna uku. Biyu ba ma shi ba ne, wani baƙar fata ne daban mai zagi tun daga farko har ƙarshe, ka ga da ban duba ba na kunna wa yara a aji da na shiga uku da iyaye. Ɗaya kuma murya ta riga baki, ya gama magana mutane sun gama dariya sannan leɓensa ke motsi, ga mai koyon harshe wannan ba shi da amfani ko kaɗan. Sunayen fayil ɗin kuwa kar ka tona, lambobi ne kawai, ba shekara ba komai, sai ka buɗe kake gane na yaushe ne. Ni da gashin kansa nike ganewa, in ka gan shi da aski ƙasa-ƙasa da kwat to farkon zamansa ne a The Daily Show, shirin barkwancin siyasa na talabijin a Amurka, wanda ya karɓa daga hannun Jon Stewart a Satumba 2015, in ka ga suma ta taru yana zaune a ɗaki da rigar sanyi mai hula to lokacin korona ne na 2020 da yake shirin daga gida. A Disamba 2022 ya ajiye shirin bayan shekara bakwai. Na farkon rayuwarsa a Afirka ta Kudu, lokacin da ya ɗan fito a wasan talabijin na Isidingo yana shekara 18 da aikin rediyo da ya yi a YFM, ko ɗaya babu, ban kuma yi mamaki ba.

Sai babbar matsalar, da na sa kart ɗin a kwamfutar makaranta ta fara kuka wai akwai cuta a ciki, jakunkunana duk sun koma gajerun hanyoyi, takardun jarrabawar da na buga sun ɓace, sai da wani abokin aiki ya yi dabara ya fito da su. Laifina ne da na kai kart mai aiki a ciki, na yarda, amma su ma kwamfutar da kart ɗari ke shiga kullum ai ya kamata a ce tana da maganin cuta. Na faɗa wa Alhajin da kaina, na ce Alhaji a duba wannan don Allah. Ya ce in sha Allahu Malam. Mun dai san irin wannan in sha Allahun.

Bidiyon da na sa aka sauko mini da shi kuwa shi ya biya kuɗin duka. Na 2018 ne, bayan Faransa ta ci Kuroshiya 4 da 2 ta ɗauki kofin duniya, Trevor ya fito a shirinsa yana murna wai Afirka ce ta ci kofi. Jakadan Faransa a Amurka na lokacin, Gérard Araud, abin bai masa daɗi ba har ya rubuto wasiƙa cewa ƴan wasan nan Faransawa ne, ƙasarsu ba ta raba mutane da asali. Shi kuma gogan ya ɗauko wasiƙar ya karanta gaban jama'a da irin karin harshen Faransawa, sannan ya ce me zai hana mutum ya zama duka biyun, Bafaranshe kuma ɗan Afirka. Na kai wannan fada da dare ana shayi, ina tsayarwa ina fassarawa, kai jama'a, shayi na biyu har ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya kula. Wani ya ce ai gaskiya ya faɗa, Pogba ɗan Gini ne, Kanté iyayensa Mali, Umtiti ma a Yaoundé aka haife shi. Wani kuma da yayansa ke Marsay ya ce a'a jakadan ma yana da hujja, don masu ƙin baƙi a can da wannan maganar suke fakewa su ce yaran ba ƴan ƙasa ba ne. Balle yanzu da abin da ya shiga tsakaninmu da Faransa, kowa bakinsa cike. Har aka tashi ba a daidaita ba.

A aji kuma abin da ya fi tafiya da yara ba siyasar ba ce, wurin da yake yin harshen Xhosa ne, harshen nan mai ƙas-ƙas da ake buga harshe a dasashi, wanda suke rubutawa da c da q da x. Sati guda cur duk inda ka bi a farfajiya sai ka ji yara suna ƙas, ƙas, har darakta ya tambaye ni me na koya musu. Na ce musu mutumin nan ban da turanci da Xhosa yana jin Zulu da Tswana da Tsonga da Afirkans, ku kuma da Hausa da Faransanci, wasunku da Fulatanci ko Zabarmanci, to me ya rage? Gaskiya dai sai na zaɓa nike kunnawa, barkwancinsa na dandali akwai maganganun da ba na yara ba, kuma in ba ka san siyasar Amurka ba rabin abin wuce ka zai yi kana kallon turawa na dariya.

Da na koma shagon kai ƙorafi na ba yaron wani labari da ya sa shi washe baki. Na ce ka san wannan da kake tura wa mutane, wanda ya gabatar da bikin ba mawaƙa kyautar Grammy shekaru a jere tun daga 2021, sana'arka ya fara yi? Yana saurayi kwafar waƙoƙi yake a faifan CD yana sayarwa, yana kuma kiɗan biki da kwamfuta a unguwar Alexandra, shi da kansa ya ba da labarin a littafin yarintarsa da ya fito a 2016. Yaron ya ce, "Malam rantse." Na rantse. Ya juya ya kalli kwamfutarsa ya ce to shi ma bai fid da rai ba, Alhaji daga bisa tabarma ya ce masa ya fara gyara sunan jakar tukuna.

To ga mai son zuwa, in indiya-hausa ko na Kano kake so ka je kanka tsaye, a nan suka ƙware kuma a shirye komai yake. In irin nawa ne na turanci, ka tafi da kart wanda babu komai ciki, ka rubuta sunan abin da kake so a takarda, kuma kada ka biya sai ka zauna bisa bencin nan ka buɗe ɗaya bayan ɗaya ko da yaron zai yi ta tsaki ƙasa-ƙasa. Ka guji ranar Juma'a da yamma, cunkoso ne. Ni dai ya yi mini alkawarin canza wanda murya ta riga baki, Asabar zan koma in gani.