Baristar da ta tsaya min a shari'ar riƙon yarana

Ranar da sammaci ya iso gidanmu a Tudun Wada wallahi ko ruwa kasa sha na yi, wata uku kacal da sabon aurena baban yara ya kai ƙara kotun shari'a wai tunda na yi aure a ba shi 'ya'yansa, alhali shekara 2 suna hannuna tun da muka rabu. Ƙawata ce ta tura ni wajen wata barista, ofishinta na saman bene ta wajen Ahmadu Bello Way, hawa na uku, ga ba wuta fanka a tsaye, kafin in kai sama haki nake kamar na yi tsere.

Amma fa matar ta san aikinta. Ni so nake a ce min ba mai taɓa min yara, ita ko ta cire tabarau ta ce "Maman Ummi ba zan miki daɗin baki ba, a Malikiyya in uwa ta auri wanda ba muharramin yaran ba riƙo ya bar hannunta, sai dai ba wajen uba yake fara komawa ba, mahaifiyarki ce a gaba. Hajiyarku na da rai? Tana da lafiya?" Nan na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ta ce in tattaro rasit ɗin makaranta da katin asibiti, har na rigakafi da ya yage sai da na liƙe shi na kai.

Alƙali ya ba da damar sulhu, kawunnai suka zauna, aka tsaya kan yara su koma wajen Hajiya a Unguwar Sanusi, shi ya ci gaba da ciyarwa da kuɗin makaranta, lokacin hutu ya ɗauke su. Kawu har ya fara addu'ar tashi, barista ta ce a'a, sai an koma gaban alƙali an rubuta.

Inda ta ba ni haushi waya ce. Ka kira sau biyar ba ta ɗauka, sai ƙarfe goman dare ka ga saƙon WhatsApp. Akwai zaman da ta turo wani ƙaramin lauya, bawan Allah ko sunan yaran bai riƙe ba sai da na raɗa masa a bakin kotu. Kuɗinta ma ba wasa, amma ta yarda na biya sau uku, kuma duk biya da rasit.

Har na ba wata maƙwabciyarmu lambarta, na dai ce mata kar ta zauna jiran waya, ta hau benen nan da ƙafarta.