OraQuick a hannun masu wayar da kai: inda ya yi kyau da inda yake bukatar baki

OraQuick kayan gwajin HIV ne da mutum zai yi wa kansa da ruwan dasashi, babu allura, babu jini. Kamfanin OraSure na Amurka ne ke yin sa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi a gida a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mutane su riƙa yi wa kansu gwajin HIV a 2016, sannan ta tantance wannan samfurin a 2017. Shirin STAR na yaɗa irin wannan gwaji a Afirka, wanda aka fara a Malawi da Zambiya da Zimbabuwe a 2015, ya raba shi gida-gida ta hannun mutanen unguwa da aka horar.

A cikin ledar akwai sandar gwaji mai faffaɗan kai, da 'yar kwalba mai ruwan magani, da mazaunin da ake kafa kwalbar a kai, da takardar bayani mai hotuna. Kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin gwaji, kada a goge baki ko a kurkure shi da magani minti 30 kafin nan. A kafa kwalbar, a buɗe ta a hankali don kada ruwan ya fantsama. A shafa faffaɗan kan sandar a dasashin sama sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, a na ƙasa sau ɗaya, a tsoma shi cikin kwalbar har ya taɓa gindinta. A duba bayan minti 20, kada a wuce minti 40. Layi ɗaya a harafin C da ke jikin sandar yana nufin ba a ga alamar cutar ba. Layi biyu, a C da T, ko da na T ɗin ya yi dishi-dishi, yana nufin sai an je asibiti an tabbatar da gwajin jini. In babu layi a C, gwajin ya lalace, a sake da sabo.

Amfaninsa babba shi ne yana kai wa ga waɗanda ba sa zuwa asibiti: maza magidanta, matasa, da duk wanda ke tsoron a gan shi a layin gwaji. Mace mai zuwa awon ciki za ta iya karɓar guda ta kai wa mijinta. Ga mai wayar da kai kuwa, ya fi sauƙi ya buɗe zance da abu a hannu fiye da ya tsaya yana wa'azi kan kanjamau.

Sai dai kayan ba ya magana, kuma kusan duk matsalarsa daga nan take. Ta farko: da zarar mutane sun ga ana gwaji a baki, sai su ɗauka ƙwayar cutar tana cikin yawu, daga nan sai a fara ware wa mai ɗauke da ita kofi da cokali. Ke nan kayan da aka kawo don rage tsangwama ya ƙara ta. Dole mai rabawa ya faɗa da bakinsa, tun kafin a tambaye shi, cewa abin da sandar ke nema shi ne sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa bayan cutar ta shiga, kuma HIV ba ya yaɗuwa ta yawu ko cin abinci tare.

Ta biyu ta fi haɗari. Jiki kan ɗauki har wata uku kafin waɗannan sinadarai su kai yadda gwajin zai gan su. Wanda ya kamu makonni biyu da suka wuce zai iya ganin layi ɗaya, alhali a lokacin ne ƙwayar ta fi yawa a jininsa. Don haka masu gwada juna a ɗaki sannan su ajiye kororon roba sun fahimci kayan a baibai. Ko a binciken da aka gabatar wa hukumar Amurka, gwajin ya gano kusan kashi 92 cikin 100 ne na masu ɗauke da cutar da suka yi shi da kansu, wato mutum 1 cikin 12 ya samu sakamakon da ya ce ba shi da ita. Wanda ya san ya shiga haɗari cikin awa 72 da suka gabata, maganin kariya na kwana 28 yake bukata daga asibiti nan take. Mai shan maganin rage kaifin cutar kuma kada ya taɓa shi sam: zai iya nuna layi ɗaya, mutum ya ɗauka ya warke ya daina shan magani.

Takardar bayanin ba laifi, amma wanda bai saba da karatu ba yana yawan kuskure a wurare uku: ya taɓa kan sandar da yatsa, ya zubar da ruwan kwalbar, ko ya ƙosa ya duba kafin lokaci. Gani ya kori ji. Mai rabawa ya buɗe guda a gaban mutane ya nuna, ya kuma sa ɗaya daga cikinsu ya maimaita matakan da bakinsa. Zafi ma abin lura ne, domin ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma jakar da ta wuni a rana ko cikin mota ta wuce haka.

Kada a miƙa wa kowa ledar ba tare da sunan wurin da zai je tabbatarwa da lambar wanda zai kira in ya ga layi biyu ba, ko da tsakar dare ne. A kuma gaya masa tun farko cewa mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa. Matar da za ta kai wa miji, a fara tambayarta a keɓe ko tana tsoron duka ko saki. In ta ce e, a bar ledar, a nemi hanyar gayyato shi asibiti su yi gwajin tare a gaban ma'aikacin lafiya.