Karneval der Kulturen na Berlin: biki ne mai kyau, amma ka je da wuri ka tafi da wuri

Duk mazaunin Jamus da ya tambaye ni ko bikin Karneval der Kulturen ya cancanci kuɗin jirgin ƙasa zuwa Berlin, zan ce masa ya cancanta, amma da sharaɗi: ya isa da rana, ya riƙe tsabar kuɗi a aljihu, kuma kada ya bari yamma ta same shi a tsakiyar titi in yana tare da iyali. Shiga kyauta ne, babu tikiti, babu ƙofa. Abin da za ka kashe duk na ciki ne, kuma ba ɗan kaɗan ba ne.

Tun 1996 ake yin bikin nan, a ƙarshen makon Fentikos na Kirista, wanda kan faɗo a Mayu ko Yuni. Bayan haɗewar Jamus a 1990 baƙi sun sha wuya a ƙasar. A 1992 aka cinna wa ginin da 'yan Biyetnam ke zaune wuta a Rostock, mutane na tsaye suna tafi, a 1993 kuma aka ƙona gidan wasu 'yan asalin Turkiyya a Solingen, mutum biyar suka rasu. A cikin wannan yanayi ne aka ga ya kamata baƙin Berlin su fito titi da kiɗansu da tufafinsu a gan su, aka kwaikwayi tsarin bikin Notting Hill na Landan. Korona ta sa aka daina jerin gwanon daga 2020 zuwa 2022, ya dawo a 2023.

Bikin kashi biyu ne. Akwai kasuwar biki a dandalin Blücherplatz da ke unguwar Kreuzberg, tana ci daga Juma'a zuwa Litinin, da rumfunan abinci da na kayan hannu da dandamalin mawaƙa. Sai kuma babban jerin gwano ranar Lahadi, wanda shi ne ya tara jama'a. Lokacin da muka je da uwargida da yara, ta Gneisenaustraße da Hasenheide ya bi ya nufi Hermannplatz.

Jerin gwanon nan farkonsa ne zinariya. Ƙungiyoyin da ke tafiya a ƙasa, waɗanda suka ɗinka kayansu da kansu suka yi ta gwaji a ɗakunan taro tun lokacin sanyi, su ne suka biya ni. 'Yan Boliviya sun fi kowa burge ni. Mazansu na sanye da takalma dogaye an jera musu ƙararrawa daga idon sawu zuwa gwiwa, in suka yi tsalle suka dira a tare sai ka ji ƙarar ta tashi guda ɗaya, babu wanda ya riga wani. Kusa da ni wani dattijo a cikinsu ya tsaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan ƙirjin rigar da ta sha ado, wata yarinya ta rugo da gorar ruwa ta kafa masa a baki saboda hannayensa duka a cike suke, ya kurɓa sau biyu ya koma layi bai ɓata taku ko ɗaya ba. Wannan mutumin ranar Talata wataƙila yana tuƙin bas ko yana aiki a wani ɗakin girki. Babu wanda ya ɗauko shi haya.

Bayansu 'yan Brazil suka zo da manyan ganguna rataye a kafaɗa, irin kiɗan da kake ji a ƙirji kafin kunne, da 'yan wasan kapowera da ke shure-shure a iska ba sa taɓa juna. Akwai masu kiɗan ƙarfe irin na Tirinidad, wanda asalinsa gindin durom ɗin mai ne aka bubbuge shi har kowane lungu ya sami muryarsa. Ƙaramin ɗana ya ƙi yarda cewa babu lantarki a ciki. Amma inda na daɗe a tsaye shi ne wajen masu rawar Kurdawa da Turkawa. Sun riƙe hannun juna a layi, na gaba yana kaɗa ƙyalle, mai ganga ɗaya, mai busa ɗaya. Abin busar, zurna, 'yar'uwar algaita ce ta jini: murya siririya mai kaifi, kumatun mai busa a kumbure, numfashi ba ya yankewa. Da na rufe ido sai na rantse a ƙofar fada nake ranar hawa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji mutanenka." Layin rawar kuma ba ya ƙin kowa, duk wanda ya miƙa hannu an kama, har wata tsohuwa Bajamushiya da jakar cefane a kafaɗa.

To, ga inda zan ɗan yi ƙorafi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Bahaushe, amma a ɓangaren Afirka kukan ya yi kama da juna da yawa. Gangar jembe a nan, jembe a can, wasu ma Turawa ne da suka koya a aji suke bugawa, kuma ba laifi, sun iya. Sai motocin 'yan Ghana da na Najeriya da lasifika suna sakin waƙoƙin zamani, matasa sun cika baya maƙil. Ni dai ban ga kalangu ba, ban ga gurmi ko duma ba, ban ga ko mutum ɗaya da babbar riga da rawani ba. Ba zan ɗora wa masu shirya biki wannan ba, don ƙungiya ce ke neman shiga da kanta. Hausawan Jamus ba kaɗan ba ne, daga Najeriya da Nijar da Ghana da Togo, muna da ƙungiyoyi, muna tara kuɗi in an yi rasuwa ko suna. Fitowa titi ne ba ma yi. Na san dalilin wasu, za su ce wurin giya ne da tsiraici, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai na ga mata masu lulluɓi a layin rawar Kurdawa, babu abin da ya ragu a jikinsu.

Can bayan jerin gwanon kuwa manyan motoci ne na kiɗan tekno, wanda Berlin ta yi suna da shi. Daga nan biki ya zama wani abu dabam. Wanda ya zo don wannan ya more, ni kam nan na tattara yarana.

Abinci. A nan ne na fi daɗewa kuma a nan aljihu ya ji jiki. Rumfunan Blücherplatz sun jeru ne babu ruwan wani da wani: mai injerar Habasha kusa da mai arefa ta Benezuwela, gaba kaɗan matan Turkiyya zaune suna murza gozleme da siririn muciya suna gasawa a kan faifan ƙarfe, da cuku da alayyafo a ciki. Gozlemen nan shi ne abin da ya fi arha kuma ya fi ƙosarwa, ga shi babu nama balle ka shiga tambaya. Yasa ta 'yan Senegal ta yi daɗi, albasa ta dahu lugub, lemon tsami ya kama kazar har ƙashi. Tsiren da na saya a wata rumfa kuwa asara ce: naman ya bushe, yajin babu ƙuli-ƙuli ko kaɗan, barkono ne kawai da gishiri, sanda biyu a kuɗin da zai saya maka cikakken abincin rana a shagon dona (gasasshen naman Turkawa a cikin burodi) na kan kwana. Duk inda ka ga an rubuta sunan nahiya gaba ɗaya a allo maimakon sunan ƙasa, ka yi hattara.

Abin da ya wanke min rai shi ne wata rumfa ƙarama ta shinkafa da wake irin ta Ghana. Tun daga launin na san da karan dafi aka dafa, ja mai duhu, ba kalar kanti ba. Ina yi wa uwargida magana sai matar da ke zubawa ta ɗago kai ta ce, "Ah, ɗan'uwana, Bahaushe ne? Sannu da zuwa." 'Yar zangon Kumasi ce. Na ce, "Hajiya, sannu da aiki, ya kasuwa?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, yau kam sai godiya." Ta zuba shinkafa, ta ɗora taliya kaɗan, garin rogo da aka jiƙa da mai, dafaffen ƙwai, sannan ta kawo baƙin yajin nan nasu mai kifi ta tsaya da cokali a sama tana kallona. Na ce ta ƙara. Ta yi dariya ta ƙara, ta kuma jefa wa yara soyayyar ayaba ba ta karɓi ko sisi a kanta ba. A tsaye muka ci, don wurin zama sai mai rabo.

Maganar halal sai ka buɗe baki ka tambaya. Rumfunan Turkawa da Larabawa da na 'yan Senegal galibi babu matsala, amma tsiran Jamus na alade ne in ba an rubuta akasin haka ba, kuma wasu rumfunan a kan waya ɗaya suke gasa komai. Abin sha ma haka. Kofunan da za ka ga an jera da lemon tsami da ƙanƙara, masu kyan gani, yawancinsu kaifirinya ce ta Brazil, barasar rake ce a ciki. Zoɓo da lemon citta suna nan a rumfunan Afirka ta Yamma. Za a ƙara maka kuɗin ajiya a kan kofi, in ka mayar da shi a mayar maka, don haka kada yaro ya jefar. Da yawa ba sa karɓar kati, layin na'urar cirar kuɗi kuma ya fi na abinci tsawo.

Cunkoso gaskiya ne, ba wasa ba. Da azahar kana iya tura keken jariri, zuwa ƙarfe biyar ko kai kaɗai sai da dabara. Kwalabe sun fara fashewa a ƙasa, masu maye sun fara yawa, wayar salula ma takan ƙi shiga saboda yawan jama'a, don haka ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ku rabu. Mu cocin jan bulo da ke gefen dandalin muka zaɓa, ana hango shi daga nesa. Layin banɗaki, musamman na mata, abin haƙuri ne. Salla kuwa ba ta da wuya: Kreuzberg cike take da masallatai, akwai na Umar Ibn Al-Khattab kusa da tashar Görlitzer Bahnhof, kuma a wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, don haka mutum zai yi la'asar a natse ya isa gida kafin magariba.

Mai ƙananan yara ya fi masa sauƙi ya zo ranar Asabar, akwai jerin gwanon yara da ke ƙarewa a lambun Görlitzer Park, kasuwar abincin kuma tana buɗe ba tare da turmutsutsun Lahadi ba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa da dandalin ita ce Hallesches Tor, amma in jama'a sun yi yawa gara ka sauka tasha ɗaya kafin nan ka taka. A kuma duba hanyar jerin gwanon kafin a fito, don a 2025 an ɗauke shi daga Kreuzberg an kai shi titunan Frankfurter Allee da Karl-Marx-Allee a gabashin birnin, tafiya ce mai ɗan nisa daga inda rumfunan abinci suke.