Kafin ka sayi kayan fesa wa motar rimot fenti a Kumasi

Ɗan ƙanwata da ke Asawase ya shigo mini ran Asabar rungume da sabon bodin motar rimot, garai-garai, kana hango tafin hannunsa ta ciki. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, wannan ta Japan nake so, kuɗina sun kusa cika." Ƙaramar bindigar feshi ce, wadda 'yan kasuwa ke kira eyaburosh. Na tambaye shi da wace iska zai tura ta, kuma wane fenti zai zuba mata. Ya yi shiru. A nan ne yawancin masu farawa ke kuskure: su zuba kuɗinsu duka a kan bindiga, alhali fenti da iska su ne ke gyara aiki ko su ɓata shi, musamman a gari mai laima irin namu.

Fara da ɗaukar bodin ka matsa shi da yatsu. In ya lanƙwasa ya dawo, kuma haske na ratsa shi, to robar folikabonet ce, wadda aka fi sani da Lexan, sunan da kamfanin General Electric na Amurka ya sa mata. Ita ake yi wa motocin tsere na sikeli 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, irin na kamfanonin Tamiya da Traxxas. Ta ciki ake fesa mata fenti, robar kanta ta zama ita ce sheƙin waje kuma ita ke kare fentin daga karce. In kuwa mai tauri ne, mai launi tun daga masana'anta, irin motocin wasan yara da ake samu a Kejetia da Adum, wannan ta waje ake fesawa, da fentinsa daban. Maganata a nan ta bodi mai garai-garai ce.

Ni kaina da fenti na fara shan wuya. Wani mai shago ya rantse mini cewa fentin gwangwaninsa yana kama kowace irin roba. Na kwana biyu ina aikin bodi ja da baƙi, ya fito gwanin kyau. Fitar farko motar ta daki gefen kwata, na ɗago ta sai ga fenti na zubowa ɓawo-ɓawo kamar ƙwai dafaffe. Dalili kuwa a fili yake: folikabonet na lanƙwasawa duk lokacin da mota ta yi karo, fentin da ya bushe ya ƙage ba ya iya bin ta. Dole sai wanda aka yi musamman dominta, mai miƙewa tare da ita. Ko a kamfani ɗaya akwai bambanci. Gwangwanin Tamiya mai harafin PS na folikabonet ne, mai TS na roba mai tauri ne, ga su kamar tagwaye a kan kanta. Duba harafin da idonka. Fentin mota na masu feshi a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai, kuwa ka bar shi inda yake, don tinarsa mai ƙarfi na iya cin robar ta yi hazo ko ta tsattsage.

To wa ma ya kamata ya sayi bindiga? In bodi ɗaya gare ka kuma launi ɗaya ko biyu kake so, gwangwanin PS ya ishe ka. Mililita 100 ne a cikinsa, biyu ko uku za su gama maka bodi har da rufin baya, ba wanki, ba wutar lantarki, yana bushewa da wuri kuma yana kama roba gam. Matsalarsa samuwa. Gwangwanin feshi na cikin kayan da jirgin sama ke ɗauka a matsayin masu haɗari, shi ya sa masu sayarwa a intanet da yawa ba sa turo shi ta sama, sai ka jira jirgin ruwa ya iso tashar Tema. Fentin kwalba mai haɗin ruwa, irin Createx ko Faskolor ko na Pro-Line, ya fi sauƙin shigowa, ba shi da warin da ke hawa kai, kana iya gauraya launinka da kanka, kuma 'yar kwalba ɗaya tana daɗewa. Amma ba ya fesuwa sai da bindiga. Wannan ne babban abin da ke tura mu nan Gana ga sayen bindiga, tun kafin a zo maganar zanen harshen wuta da launi mai narkewa cikin wani.

Sai iska, inda nake so ka fi sakin hannu. Kwamfuresa, wato injin da ke matso iska, iri huɗu za ka ci karo da su. Akwai 'yar mitsitsiyar nan mai batir da ake ɗaura wa bindiga a gindi, wadda masu aski da masu kwalliyar kek ke riƙewa. Tana da arha da ban sha'awa, ga shi ba ruwanta da dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Sai dai fentin bodi mai haɗin ruwa yana da kauri, yana son iska wajen PSI 25 zuwa 35 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne) wadda ba ta raguwa, ita kuwa da ka danna sai ƙarfinta ya faɗi, fenti ya riƙa fita tsit-tsit. Ban ba ka shawarar ta ba.

Na biyu da na uku 'yan gida ɗaya ne, na Sin, ana sayar da su da sunaye barkatai amma lambarsu ba ta canzawa: AS18 marar tanki, da AS186 mai tankin lita 3. Injinsu kusan ɗaya ne, tankin ne bambanci, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Marar tanki yana aiki ne duk lokacin da kake fesawa, ya yi zafi, iskar ta fito da ɗumi, ta huce a cikin tiyo ta zama ruwa. Ranar da abin ya same ni cikin watan Yuni ne, ana tsakiyar damina. Ina kan shafa shuɗi a murfin gaba, hannu ya zauna, sai na ji "tuf", ɗigon ruwa ya fito tare da fenti ya fashe kamar tauraro a daidai inda ido ke fara sauka. Da yake ta ciki ake fesawa, shafin farko shi ne abin da kowa zai gani, ba a rufe kuskure da wani shafi a kai. Mai tanki yana cika ya kashe kansa in ya kai wajen PSI 57, ya sake tashi in ya sauko wajen 43. Injin na hutawa, iskar na hucewa a tanki, ruwan ya kwanta a ƙasa ka kwance ƙusar gindi ka zubar. Iskar kuma tana fita sumul ba bugu. A Kumasi, da damina biyu a shekara, ƙarin kuɗin tankin halal ne. Ka haɗa da ƙaramin matarin ruwa da ake ɗaurawa a gindin bindiga, ƙari a kan wanda ke jikin injin.

Na huɗu shi ne babban kwamfuresa irin na masu fentin mota da masu faci. In akwai shi a gidanku ko wurin aikinka, kada ka sayi wani. Nemi abin daidaita ƙarfin iska mai agogo, da matatar ruwa da mai, da mahaɗin da zai rage bakin daga inci 1/4 zuwa 1/8. Amma ka san ƙararsa ba ta gidan haya ba ce, ba za ka tashe shi bayan isha'i maƙwabta su yafe maka ba.

Kowanne ka zaɓa, karanta farantin da ke jikinsa kafin ka biya. Wutarmu bolt 230 ce. Wanda ɗan'uwa zai aiko maka daga Amurka galibi na 110 zuwa 120 ne, kana soka shi a bango ya ƙone. Na Ingila ya dace da mu har bakin filoginsa mai ƙafa uku. In na hannu ne ka gani a shafukan saye da sayarwa na intanet irin Jiji ko Tonaton, sa a kunna a gabanka, ka jira ya cika ya mutu da kansa, ka kasa kunne ko iska na tsiyaya.

Yanzu mu zo kan bindigar da yaron ya ƙwallafa rai a kai. Akwai mai aiki ɗaya, irin Paasche H, wadda kana danna kunama iska da fenti su fito tare gwargwadon yadda ka saita. Ba ta da laulayi, tana shafa fili da kyau, amma ba za ta ba ka siririn layi da inuwa yadda kake so ba. Mai aiki biyu kuwa, ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, iya jan da ka yi iya yawansa. Kwana biyu za ka yi kana ɓata takarda kafin yatsa ya saba, daga nan ba za ka so komawa ba. Ita nake cewa ka saya tun farko. Ka kuma ɗauki mai ƙoƙo a sama, inda fenti ke gangarowa da kansa. Tana aiki da 'yan ɗigo kaɗan kuma wankinta minti biyu ne. Mai kwalba a ƙasa tana da amfani ga wanda ke fesa bodi da yawa, amma tana son iska mai ƙarfi kuma tana cin fenti, mu kuwa fentinmu daga nesa yake zuwa.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne faɗin nozul, wato ɗan bakin da fenti ke fita ta cikinsa. Za su yabe maka mai milimita 0.2 wai ta fi iya zane. Wannan ta masu zanen hoto da tawada ce. Zuba mata fentin bodi, musamman fari ko mai ƙyalƙyali, ta toshe kafin ka gama ƙofa ɗaya. Mai farawa 0.5 yake buƙata, ko aƙalla 0.35. Badger Patriot 105 ta Amurka tana zuwa da 0.5, Iwata Eclipse HP-CS ta Japan da 0.35, kuma dukansu nozul ɗinsu sakawa kawai ake yi, ba a murɗawa. Na Sin masu arha nozul ɗinsu ɗan ƙarami ne kamar ƙwayar shinkafa, mai zare, kana ƙara matsa shi kaɗan ya karye a ciki. Duk da haka ban raina su ba. Da irinsu na koya, kuma akwatin kan zo da allura da nozul kala uku, 0.2 da 0.3 da 0.5. In kuɗi sun yi kaɗan, ɗauki ta Sin ka ɗaura mata 0.5, ka sa ragowar kuɗin a kwamfuresa mai tanki da fenti na gaske. Allurar farko dai sai ka lanƙwasa mata baki wajen wanki, gara ta zama wadda ba za ka yi kuka ba. In kuwa ka tashi sayen mai tsada, yi odar allura da nozul na ajiya a lokaci guda, kada ƙaramin abu ya tsayar da kai wata guda.

Akwai ƙananan kaya da dole su shiga lissafi: takunkumin hanci mai matatar sinadari, ba na ƙyalle ba, domin ko fentin ruwa ne ƙurarsa huhu take shiga; tef ɗin takarda mai kyau wanda fenti ba ya kutsawa ta ƙarƙashinsa; wuƙar yanka mai sabon baki; sabulun wanke-wanke na wanke cikin bodi kafin a fara; da na'urar busar da gashi, wadda da damina ita ce za ta busar maka da shafi kafin na gaba, daga nesa-nesa don kada roba ta lanƙwashe. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa ka kife bodi cikin kwali tsakanin shafi da shafi.

Ɗan ƙanwata dai ya fasa ta Japan a yanzu. Ya yi odar AS186 da bindigar Sin da kwalabe huɗu: baƙi, ja, ruwan ɗorawa da fari. Na ce masa mai duhu ake fara fesawa, mai haske ya biyo, fari ya rufe baya don launi ya fito, kuma kada ya ɓare ledar da ke wajen bodi sai an gama komai. Kafin kayan su iso na sa shi tara gorunan ruwa na roba, ya tsaga su biyu ya wanke. A cikinsu zai koyi tsinka fenti har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ya fesa ta ciki, ya juya ya duba ta waje a rana. Bodin na nan a kan durowata, na ce ya zo ya karɓa in ya kawo mini gora goma da ba ɗigo ko ɗaya.